Nakiyata da Adakar Baba

A Mpape, unguwarmu da ke kan duwatsu a gefen Abuja, kunne ba ya hutawa. Da rana tsaka kina zaune sai ki ji "dum!" daga wajen masu fasa dutse, ƙasa ta ɗan girgiza, murafan tukwane su ɗau rawa, awaki su watse. Wannan mun saba da ita, ko kai ba ma ɗagawa. Wadda ba mu saba da ita ba ita ce ƙarar da ta zo daga baya, siririya, tau-tau, mara lokaci. A shekarar da nake magana an harbi mai POS a cinya a bakin titi, an ƙwace baburan 'yan acaɓa, an bi wata mata har ƙofar ɗakinta da ƙaramar bindiga saboda wayar hannu. Ni da ake cewa ba ni da tsoro, sai ga ni ina waiwaye in zan je ɗibar ruwa.

Shi ne aka kafa kwamiti: 'yan sanda, 'yan banga, mai unguwa, liman, fasto, shugaban 'yan acaɓa, sai mace ɗaya. Macen nan ni ce, don kowa ya san bakina ba ya gajiya. Abu biyu muka tsayar. Na farko, an ba da lambar waya, duk wanda ya ga ko ya ji abin da bai gane masa ba ya kira, ba za a faɗi sunansa ba. Na biyu, duk mai bindiga mara lasisi ya kawo ta da ƙafarsa, babu tambaya babu kamu. Wanda kuwa aka iske ta a hannunsa, to shi da kotu.

Na ɗauki abin nan da zafi. Gida-gida na bi, in karɓi wayar mace in sa mata lambar da hannuna, in ce, "Ke, kada ki ce ba ruwanki. Ranar da aka harbi naki, ruwan wa zai zama?" Har maƙwabciyata, wata mata 'yar Filato mai sayar da tumatir, wadda bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, ni na sa mata.

Sana'ata kayan gara ne, irin wanda ake kai wa amarya: alkaki, dubulan, cincin, da nakiya. Nakiyata kuwa ba yabon kai ba, har daga cikin gari ake hawo dutse a saya. Shinkafa ce a jiƙa a daka, a soya garin, a haɗa da zuma da man shanu da citta da masoro da kanunfari, a kirɓa a turmi har hannu ya mutu. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san ta. Ni tunda nake, ban taɓa tsayawa na lura cewa sunanta ɗaya da abin da ake fasa dutse da shi a bayan gidanmu ba. Maigidana kuma, don tsautsayi ya cika, direban tifa ne, tsakuwa yake ɗauka daga wurin fasa dutsen nan.

Ana cikin haka Baba ya zo. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye gaba da Kwali, tun yana saurayi ya sauka can daga arewa. Yanar ido ta kama shi, ga hawan jini, don haka in lokacin ganin likita ya yi a wurina yake sauka. Ya zo da 'yar jakarsa, da ƙullin gyaɗa na yara, da tabarma a naɗe, doguwa, an ɗaure ta da igiya sama da ƙasa. Na ce, "Baba, tabarma kuma? Ka ɗauka a ƙasa za mu kwantar da kai?" Ya ce, "Uwata, bar ni da abina," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya jingine ta a bayan kwaba, ni kuma na koma kan turmina.

Wata Hajiya mai shago a kasuwar Utako za ta aurar da 'ya, ta ba ni aiki. Da na gama na fito tsakar gida na kira ta, kuma ni in ina waya har ƙasan layi ana ji.

"Hajiya, nakiyarki ta haɗu, bokiti uku! Na rufe ta ruf, kada ki bari kowa ya buɗe sai ranar. Juma'a direba zai ajiye miki a bayan shago, kafin kasuwa ta watse. Wannan karon na ba ta wuta sosai, wallahi sai ta tashi kan mutane!"

Citta nake nufi, jama'a. Citta da masoro.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ji unguwa ta yi wani irin shiru. Hanyar gidanmu ta ƙafa ce, mota ba ta hawa, don haka ban ji zuwansu ba. Ɗaga kan da zan yi sai na ga bakunan bindigogi ta saman katanga. "Kowa ya fito! Hannu sama!" An kewaye layin da igiya, an kora maƙwabta can gangare, har da wani ɗan sanda cikin wata riga mai kauri da hular ƙarfe, yana tafiya da ƙyar. Maigidana ya tafi kai kaya, yara suna makaranta. Daga ni sai Baba, yana zaune a kan kujera 'yar tsugune yana shan hantsi.

Sufeton da ya jagorance su ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta Abuja ce. Ya ce, "Madam, ina nakiya ɗin?"

Na ce, "Wace?"

"Bokiti uku. Kada ki ɓata mana lokaci."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na rasa dariya zan yi ko ihu. Na ce, "Yallaɓai, tana ɗaki, bari in ɗauko." Suka daka mini tsawa kada in motsa. Mai rigar kaurin nan ya shiga, ya fito da bokiti ɗaya yana riƙe da shi kamar jariri, ya ajiye a tsakar gida, kowa ya ja da baya. Ya ɗaga murfi a hankali. Ƙamshin man shanu da kanunfari ya bugi gidan.

Akwai wani saje a cikinsu, dattijo, daga jin maganarsa Bakano ne. Ya matso, ya leƙa, ya sa yatsa ya gutsura ya kai baki. Sufeto ya yi tsalle: "Kai! Kana hauka ne?"

"Oga, wannan ta ci ce," in ji saje, yana taunawa. "Kuma ta yi. Hajiya, sannu da aiki."

"Wane irin nakiya ne ana ci?"

Dariya ta ɓarke. Waɗanda suka gane suna yi wa waɗanda ba su gane ba bayani, mai hular ƙarfe ya cire ta yana share gumi, ni kuwa na riƙe ƙugu na fara zazzaga musu. Na ce ni 'yar kwamiti ce, ni na raba lambar da aka kira su da ita, yau ni za a zo wa da igiya? Ina cikin masifata ban lura akwai wanda bai fito daga ɗaki ba. Wani kurtu ne. Ya fito da tabarmar Baba a hannu, ya yanke igiyar, ya warware ta a ƙasa.

Bindiga ce. Adaka, irin ta maharban ƙauye wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, doguwa, ƙotarta ta yi baƙi da santsin hannu. Na san ta tun ina yarinya, a rataye a bangon ɗakin Baba. Ban taɓa zaton zan gan ta a tsakar gidana ba.

Dariyar ta ɗauke. Sufeto ya ce, "Na waye wannan?"

Baba ya miƙe a hankali yana dafa bango. "Tawa ce."

"Kana da lasisi?"

"Maƙerin da ya ƙera ta bai ba ni takarda ba."

Haka suka gangara da shi, ba ankwa, sajen nan yana riƙe da hannunsa saboda duwatsu. Na bi su har ofishinsu da silifas wari-wari, unguwa duka tana kallo.

DPO ya san ni, a mitin kujerarmu kusa take. Mutum ne mai sauƙin kai, amma ranar bai ba ni fuska ba. Ya ce, "Madam, da bakinki kika karanta wa mutane sharaɗin nan. Wanda ya kawo daban, wanda an kama daban. Wannan an kama ne." Na ce tsoho ne, ba ya gane ni ma sai na yi magana, bindigar korar birai ce a gona. Ya ce ya sani. Sannan ya faɗa mini abin da ya fi muni. Farkon mako manya za su zo daga sama, za a tattara duk waɗanda aka kama da makami a kai su a yi holinsu gaban 'yan jarida. "In ya bar nan, ya fita hannuna."

Na san holi, wa bai sani ba? A zaunar da mutane a ƙasa a jere, wasu ba riga, a baje bindigogi a gabansu, a ɗauka a watsa. Baba a tsakiyar 'yan fashi. Mutumin da in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba a ƙauyensu. Kafin la'asar hoton zai shiga kowace waya daga Kwali har garinmu na asali, kuma babu mai tsayawa ya tambaya ko ta birai ce. Kotu ma ba ta dame ni kamar wannan ba.

Da zan fita DPO ya ce, yana kallon wani wuri, "Har yanzu ba a rufe karɓar makamai ba. In da a ce ya ɗauko shi daga ƙauye don ya kawo mana ne, bai samu lokaci ba... To. Ki je ki ji bayaninsa."

Na gane sarai. Na ruga bayan kanta, inda suka zaunar da shi a kan benci, don sun ji kunyar furfurarsa ba su sa shi ciki ba. Na durƙusa na rage murya.

"Baba, in sun tambaye ka, ka ce kawo ta ka zo yi. Shi ke nan, mu tafi gida."

"Ba kawo ta na zo yi ba."

"Na sani. Ka dai faɗa."

"Ɓoye ta na zo yi, Uwata. Can ma an zo ana karɓe na mutane. Na ce gidan 'yata a birni babu mai dubawa."

"Baba, don girman Allah! Kalma ɗaya ce!"

"Waɗanda suke ɗaukar mutane a hanyar gonarmu, an karɓe nasu? Su da manyan bindigogi masu jigida, ni da wannan. Ko ba ta kashe kowa, in suka ji ƙara sun san akwai mutum. Yanzu a tsufana in tsaya gaban hukuma in yi ƙarya a kanta? A'a."

Wallahi ji na yi kamar in girgiza shi. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa har wata 'yar sanda ta ce in rage murya. Ko gezau. Ya ce dai in kawo masa maganin idonsa da butarsa.

Kwanakin nan ban san inda kaina yake ba. In hau dutse, in gangara, in koma. In ɗora tukunya in manta ban kunna wuta ba. Na je gidan mai unguwa aka ce ya tafi jana'iza, na je wurin shugaban 'yan banga ya ce shi ƙaramin mutum ne. Maigidana ya dawo, shi ma aka riƙe shi yini guda ana tambayarsa ko ya taɓa fita da wani abu daga wurin aiki ban da tsakuwa. Duk wadda na gitta a layi sai in ce a raina, ke ce? Ke ce kika kira?

Ban sha wahalar nema ba, da ƙafarta ta zo. Maƙwabciyata ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, idanunta sun kumbura.

"Maman yara, ni ne na kira."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Na ji kin ce nakiya, bokiti uku, a kasuwa, zai tashi kan mutane. Ni nakiya ɗaya na sani, wanda ya cire wa ƙanina yatsu a wurin dutse. Yarinyata tana talla a Utako ranar Juma'a. Ban yi barci ba. Na ce ko an yaudare ki ne, an ba ki ajiya. Kuma ke kin ce in mun ji, mu kira."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, don na riga na tanadi zagi iri-iri tun ranar farko. Babu wanda ya fito. Me zan ce mata? Ta yi daidai abin da na tsaya a kanta na ce ta yi. Haushin ya rasa inda zai sauka. Na ce, "Shekara nawa muna bango ɗaya, ba ki taɓa cin nakiyata ba?" Ta ce ta sha ci, ita ta ɗauka sunanta alewa.

Ita ce ta je ta taso fasto. Fasto ya biya wa liman, su biyu suka tsare mai unguwa a ƙofar gidansa. A ranar ƙarshe kafin zuwan manya muka cika ofishin DPO, kwamiti duka, har da mai tumatir a rakuɓe a bango. Liman ya yi magana, fasto ya yi. Mai unguwa ya ce in aka yi holin tsohon nan, babu wanda zai ƙara kiran lambar nan a Mpape, kowa zai ce ga abin da kira ya jawo. DPO ya ce duk ya ji, amma bindiga ta shiga hannun hukuma, mai ita kuma ya faɗa da bakinsa cewa ɓoyewa ya zo yi. Da me zai kare kansa a sama?

Nan dabara ta zo mini, kuma ban tsaya na auna ta ba. Na san abin da ke damunsa. Tun da aka buɗe karɓar makamai, abin da aka kawo bai taka kara ya karya ba, mutane suna tsoron tarko ne. Na ce, "Yallaɓai, a kira taro a filin makaranta. A ba Baba bindigarsa, ya miƙa maka ita da hannunsa gaban kowa, ya tafi gida kowa yana gani. Ba sai ya yi ƙarya ba, ga shi ya kawo. Mutane kuma su ga ba a kama wanda ya kawo."

DPO ya fita ya yi waya, ya dawo ya ce an yarda.

Na je na faɗa wa Baba an gama, gobe zai fita, abu kaɗan zai yi. Ya saurara har na kai aya. Ya ce, "Wa ya kawo wannan shawara?" Na ce ni. Ya ce, "To."

Filin ya cika fiye da yadda na zata. An kafa rumfa, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an jera 'yan ƙananan bindigogi masu tsatsa. Aka yi jawabai. Sannan mai lasifika ya ce ga wani dattijo mai kishin ƙasa da ya amsa kira. Aka miƙa wa Baba adakarsa a can bayan taro. Na matsa zan riƙe masa hannu saboda idonsa, ya janye. Shi kaɗai ya tako, a hankali, yana laluben ƙasa da ƙafa, bindigar a kwance a hannuwansa biyu. Wayoyi suka tashi sama ko'ina. Wani ɗan iska a cikin matasa ya ce, "Harba-ka-ruga!" aka kwashe da dariya, aka bi da tafi. Ya kai tebur, ya shafa ƙotar sau ɗaya, ya ajiye. DPO ya kama hannunsa ya juya shi wajen masu hoto, ya riƙe shi a haka har suka gama.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Bayan taron nan mutane sun yi ta kai nasu gidan mai unguwa, wasu a buhun gawayi, wasu ta hannun matansu. An kama yaran da suka harbi mai POS, kuma kira ne ya tona su. Ƙarar nan siririya ba ta ɗauke duka ba, amma ta ragu, na koma zuwa ɗibar ruwa ba waiwaye. Har yau ina kwamitin, kuma in aka tambaye ni zan ce a kira.

Amma a ranar, da taro ya watse, na zo wurin Baba da murnata ina cewa mu hau gida, na dafa masa tuwo da miyar kuka. Ya ce a sauko masa da jakarsa nan bakin titi.

"Baba, likita fa? Gobe ne."

"Kai ni tasha."

Na zauna kusa da shi a mota har tashar Utako. Na sama masa kujerar gaba a motar da za ta bi ta Kwali. Na tsaya a jikin taga ina ta zuba, in ce Allah ya rufa asiri, in ce da yanzu yana can a zaune a ƙasa cikin 'yan fashi, in ce ai gara haka. So nake ya ce mini sannu, ko ya yi mini faɗa, ko me.

Sai da direba ya tayar da mota ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Holin dai aka yi," ya ce. "Sai dai naki da tafi."

Abin ya soke ni, kuma har yanzu yana suka. Na fitar da shi, ban yi nadama ba, in aka sake zan sake. Muna gaisawa a waya, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, yana sa mini albarka. An yi masa aikin idon ma, an ce yana gani tangaran. A gidan wani ɗan ƙauyensu mai gadi yake sauka yanzu in ya zo ganin likita, ni kuma sai dai in ji a bakin mutane cewa ya zo ya koma.